Cin Kansa

Daga shago, ranar Laraba

'Yar Kwalba,

Ina gaishe ki, ko da yake gaisuwar ba ki cancance ta ba. Muna nan lafiya daidai gwargwado, sai gwiwata da ke ƙara duk sanda na taka keken ɗinki. Da fatan ke ma kina lafiya, ke da kwalaben naki.

Shekara uku ke nan ko "ina kwana" ba ki aiko mana ba. Na san ni da marigayiya uwarki kaka kawai muka haɗa, zumuncin da ɗan nisa. Amma shekara huɗu kika yi a ɗakina kina makaranta, kina ɓatar mini da allin zana yadi, maigidana, babanku Akawu, yana duba miki aikin gida da jan biro. To, ba gori ya kawo ni ba.

Na rubuto takarda ne don wayata a hannun Akawu take wuni, shi ke karanta mini saƙo, ni ban iya latse-latsen nan ba. Maganar kuma ta mutane ce, ba ta yawo ba.

Akwai wata kwastomata da mijinta ba shi da lafiya. Wuya ya kumbura, hammata ta kumbura, fata sai ƙaiƙayi. Asibiti sun ce kansa ce ta jini, wai wata ƙwayar cuta ce ta kawo ta. Sun ba shi ranar fara magani mai ƙarfi nan da wata ɗaya da rabi, don akwai layi. Likitar tana zuba Turanci kamar ana korarta, matar ta fito ba ta tsinci komai ba.

An ce mini irin jinin nan kike bincike a wajen aikinki. Ki yi mini bayani da Hausa, yadda zan maimaita mata. Mene ne abin, kuma me ke kashe shi? Ki aiko da amsa ta adireshin shago, kada ki aika gida.

Innarki,
Tela

*

Ranar Asabar

Inna Tela,

Na amsa gaisuwa, na kuma amsa laifina. Lafiyata ƙalau, sai ciwon baya na tsayuwa. Ki gaishe mini da Baba Akawu, ki ce masa har yau in na ga jan biro gabana sai ya faɗi.

Allah ya ba mijin kwastomarki lafiya. Sunan cutar da Hausa sankarar jini, kuma irin wadda kika kwatanta ita ce aikina. Ƙwayar cutar tana shiga fararen ƙwayoyin jini ta yi shiru, shekara talatin, arba'in. Ana samunta ta nonon uwa, ko ta zaman aure, ko ta ƙarin jini. Yawancin masu ɗauke da ita har su tsufa ba ta yi musu komai. Kaɗan ne take juye musu ta zama sankara.

Ki sani fa ni ba likita ba ce, duk da ku kun naɗa ni. Ban taɓa duba mara lafiya ba. Jinin masu cutar ake kawo mana, mu rene shi a kwalabe masu faɗi cikin wani akwati mai ɗumi, mu ba shi wani jan ruwa a matsayin abinci, mu riƙa leƙa shi ta madubin ƙara girma. Abin da ya fi ba ni mamaki, Inna, idan muka hana jinin nan abinci ba ya mutuwa. Sai ya juya ya fara cin kansa, kwana biyu ki ga ya yi fes, duk tarkacen da ke cikinsa ya tafi. A kan wannan abu ɗaya na yi shekara shida, har furfura ta fara leƙo mini.

Ki ce wa matar su riƙe ranar asibiti da kyau, kada su bari kowa ya hure musu kunne. Ita ma ta je a gwada jininta.

Jibi za a tura ni kwas na mako biyar a wani gari. In kin rubuto sai na dawo zan gani.

'Yarki,
mai kwalba

*

Daga shago, ranar Litinin

'Yar albarka,

Gaisuwa mai yawa, wannan karon kin ci ta. Na san ba kya nan, amma bakina ya ƙi shiru, takardar ta jira ki.

Bari in fasa ƙwai. Babu wata kwastoma. Babanku Akawu ne. Shi ya hana ni faɗa wa kowa, don tun da ya ji cutar tana bin zaman aure ya ce ba za a yi da shi a bakin dangi ba, mutumin da ya yi shekara talatin da biyar a ofis ba a taɓa ɗaga masa murya ba. Ni kuwa na gaji da haɗiye abu ni kaɗai.

Da takardarki ta zo sai na kasa ɓoyewa, na kai masa. Ya yi mini faɗa na minti goma, sannan ya sa tabarau. Da ya zo wurin da kika ce in an hana jini abinci sai ya juya ya fara cin kansa, ya ɗauki jan biro ya ja layi biyu a ƙasa. Ya ce, "Kin gani? Jinin da kansa zai cinye kansar. Yarinyar nan ta faɗi a layi ɗaya abin da asibiti suka kasa faɗa a wata uku." Rabon da in ga haƙoransa tun kafin a kira sunan cutar.

Yau mako uku ke nan da muka fara hana jikinsa abinci. Ruwa da shayi ba sukari, sai ƙwai ɗaya bayan kwana biyu. Ni ma na daina girki a gida don kada ƙamshi ya dame shi, a shago nake ɗan tsakurar abin da na samu. Tukwane na kai su gidan maƙwabciya.

Kuma wallahi yana aiki. Ni ba na yarda da ido, da tef na auna. Wuyansa inci goma sha shida da rabi ne ran da muka fara, jiya sha biyar. Kumburin yana gudu. Na rage masa kwalar riguna uku da ƙugun wando biyu. Yana ɗan jiri in ya miƙe, amma ya ce alamar yaƙi ne ake yi a ciki.

Allah ya yi miki albarka. Ashe karatun bai tafi a banza ba.

Innarki

*

Ranar Alhamis, da safe

Inna,

Ina gaisuwa. Ba zan tambayi lafiya ba, na riga na karanta.

Jiya na dawo na tarar da takardarki a ƙarƙashin ƙofa, mako biyu tana kwance. Na karanta a tsaye, jakata a kafaɗa. Na kira wayarki sau bakwai kafin Baba ya ɗauka, kin ji yadda muka ƙare. Ki yi haƙuri da rubutun.

KANSA na ce, Inna, kan shi, shi da kansa! Jinin yana cin jikin kansa ne. Ban ce yana cin cutar kansa ba. Ki ɗauko takardar ki duba, duk inda nake nufin cutar sankara na rubuta. Sau nawa na rubuta sankara?

Ki saurara. Ke in yadi ya yanke miki wata guda, rufe shago kike yi? Kina jawo buhun tsofaffin kaya ne, ki warware, ki cire zif da maɓalli, ki fitar da rigar yara daga tsohon zane, shago ya ci gaba. Haka kowace ƙwayar jikinmu take yi in ta ji yunwa, tana naɗe sassanta da suka lalace ta narkar, ta sake gini da su. Wannan ƙwayar cutar kuwa ta ƙware wajen kunna wannan aikin a cikin jinin da ta lalata, don ya daɗe bai mutu ba. Mu a nan hanyar da za mu TSAYAR da shi muke nema, don in muka toshe shi a kwalba, jinin mai sankara ya fi saurin mutuwa. Yunwa ba ta kashe cutar nan, ita ta iya zama da yunwa. Baba ne bai iya ba.

Wuyan da kika auna kuma naman ne ya zube. Ki sa yatsa a kan kumburin ki ji, yana nan.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Da kin ce mini Baba ne, da ba hirar kwalba zan yi miki ba. Kin tambaye ni kamar mai tambayar farashin zare, na ba ki amsar hira, kuka mai da ita takardar magani. Mako biyar, Inna!

Ki je ki karɓo tukwanenki yau. Madara, ƙwai, miya, duk abin da zai shiga, kaɗan-kaɗan. Ki gaya wa likitarsa gaskiyar abin da kuka yi.

'Yarki

*

Daga bencin asibiti, ranar Talata

Ke yarinya,

Na amsa gaisuwar da kika yi da rabin baki. Lafiya babu.

Ni za ki yi wa manyan baƙaƙe? Ni na ce ki yi wa tsofaffi biyu wasa da kalma? Duk garin nan wa ke cewa sankara in ba ke ba? Likita kansa take cewa, mai ba da kati kansa yake cewa, mai shara ma kansa. Ke da kike kwana kina tashi da cutar nan shekara shida, ba ki taɓa jin kalmar ta yi miki kama da wata a baki ba? Kin rubuta "cin kansa" a takardar da aka tambaye ki me ke kashe kansa, sannan ki ce mu ne ba mu iya karatu ba.

Na sa yatsa. Yana nan. Har ya yi ƙane a bayan kunne. Na shiga bayi na yi kukana na fito.

Yau ce ranar fara magani. Suka ɗora shi a sikeli, kilo hamsin da biyu, mutumin da ya zo musu da sittin da uku. Likitar ta cire tabarau ta dube ni, na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba, na so ma ta zage ni. Ta ce jikin nan ba zai ɗauki maganin ba. Ta ba mu mako uku, in ya kai hamsin da shida kuma jininsa ya gyaru, za su fara. In bai kai ba, ta ce sai mu sake zama.

Ga inda nake so ki buɗe kunne. Ya ƙi ci. Na karɓo tukwane, na dafa, na ajiye a gabansa, ya ture. Na karanta masa takardarki ta biyu, ya ce wannan faɗanku ne na mata, ni na tsorata ki kika janye. Wayar da kika yi kuwa ya ce murya ba hujja ba ce. Kin san shi, abin da ba a rubuta masa da sunansa aka sa hannu ba, a wurinsa ba a faɗe shi ba. Takardarki ta farko tana cikin aljihun gaban rigarsa. Ya ce likitocin asibiti magani suka sani, ke ce kika ga abin da idonki.

Don haka ki rubuto masa, shi, da hannunki. Ki ce kin yi kuskure, ya ci abinci. Ki sa hannu. Iyakar abin da nake nema ke nan.

Tela

*

Ranar Juma'a ta sama

Inna,

Gaisuwa da fatan an samu sauƙi. Ki gafarce ni na ɗau kwanaki, sau biyar ina rubutawa ina yagawa.

Ba zan iya rubuta cewa na yi kuskure ba, don abin da na faɗa gaskiya ne, kuma Baba ba yaro ba ne. Shi ya koya mini kada in sa hannu a kan abin da ba haka yake ba. In na yi masa ƙarya yau ya gane, gobe me zan faɗa ya yarda? Na rubuta masa cikakken bayani, shafi huɗu, ga shi a cikin ambulan, na sa hannu a kowane shafi. Mutum ne mai hankali, in ya ga hujja zai bi.

Na yi masa bayanin komai tun daga farko, yadda ƙwayar jiki ke narkar da tsofaffin sassanta, da yadda cutar ke cin moriyar hakan. Ban ɓoye masa inda mu ma ba mu gama ganewa ba. Na gaya masa akwai lokacin da in aikin ya wuce kima a cikin kwalba yakan kashe ƙwayar, amma wannan da magunguna muke jawo shi, ba da yunwa ba, kuma kwalba ba mutum ba ce.

Inna, ki daina ɗora mini duka kayan nan. Ban ɓoye tukunya ba, ban riƙe tef ba. Ina jin zafin abin kamar yadda kike ji, a gidan nan na girma.

Na nemi izinin zuwa, shugabana ya ce in bari mu kammala gwajin da ke kan wuta, saura kwana goma.

'Yarki

*

Daga gida, ranar Laraba

Malama mai shafi huɗu,

Ba gaisuwa yau.

Ya karanta. Sau biyu ya karanta, yana jingine da filo uku, don yanzu zama ma sai da taimako. Kin san abin da ya yi? Ya ce in miƙo masa jan biro. Ya wuce shafi na ɗaya, na biyu, ya je na uku, ya ja layi a ƙarƙashin "akwai lokacin da in aikin ya wuce kima yakan kashe ƙwayar." Ya ɗago ya ce mini, "Kin ji ko? Ba mu kai kima ba ne. Saura ƙiris." Ƙwan da yake ci bayan kwana biyu, shi ma ya ajiye.

Kalma uku na roƙe ki. Na yi kuskure. Kika zauna kwana goma kina gyara wa gaskiyarki kwalliya, kika aiko wa mai jin yunwa lacca. Mutumin da ke neman abin kamawa, kin ba shi shafi huɗu ya zaɓa.

Eh, ni na ɓoye tukunya, ni na riƙe tef. Na faɗa a gaban likita, na faɗa a gaban Allah, kullum ina faɗa wa kaina. Bakina bai tsage ba. Naki da me aka yi shi?

Sikeli ranar Talata ne. Jiya na auna shi a kantin magani, hamsin da ɗaya. In kin ga dama ki ci gaba da renon jinin mutanen da ba ki sani ba.

Tela

*

Ranar Alhamis, ta hannun direban motar safe

Baba Akawu,

Ina gaishe ka da girmamawa.

Na yi kuskure. Abin da na rubuta a takardata ta farko ba daidai ba ne, na shafi na uku ma ba daidai ba ne. Ka soke su duka da jan biro. Yunwa ba ta kashe wannan cuta. Ka ci abinci, sau biyar a rana, duk abin da Inna ta ba ka. Wannan ita ce maganata ta ƙarshe a kai, kuma na sa hannu.

'Yarka,
mai binciken jini

*

Daga gida, ranar Asabar ta sama

'Yar nan,

Ina gaishe ki. Ni lafiyata lau, an gwada jinina, ina ɗauke da ƙwayar amma ba ta taɓa ni ba. Ban ma san me zan yi da wannan labarin ba.

Takardarki ta iso ran Juma'a da hantsi. Ya karanta, ya juya bayanta ya ga ba ƙari, ya duba sa hannun. Ya ciro ta farkon daga aljihu ya ja mata layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya rubuta "an soke" da kwanan wata. Sannan ya ce, "Ashe ita ma tana kuskure. To me kika dafa?" Na tsaya da cokali a hannu, na rasa ko in yi dariya ko in jefe shi da shi.

Ran Talata muka je. Hamsin da ɗaya da rabi. Suka ɗebi jini, suka sa mu jira har bayan azahar. Likitar ta kira ni ni kaɗai. Ta ce cutar ta yi nisa a makonnin nan, ƙodarsa ta taɓu, maganin mai ƙarfi yanzu shi zai riga cutar kashe shi. Ba za su fara ba, ko ya kai kilo nawa. Sai dai abin da zai rage masa ciwo. Na tambaye ta da mun zo da ƙarfinsa fa? Ta ce wannan cutar mai wuya ce ko da an fara da wuri, ba za ta iya ce mini eh ko a'a ba. Wannan amsar ita zan ɗauka har kabarina.

Har yanzu ina fushi da ke, ina fushi da kaina, ina fushi da shi da taurin kansa. Kada ki ba ni haƙuri, ni ma ba zan ba ki ba.

Shi bai sani ba. Na ce masa sun ƙara mana lokaci. Yanzu ci yake yi, sau biyar a rana, yana kallon agogo. Bakinsa duk gyambo, haɗiya da ƙyar, wani lokaci ya dawo da shi, ya goge baki ya ce in ƙaro, 'yarsa ta ce sau biyar. Ya sa na aro sikeli, kullum da safe in riƙe shi ya hau, ya rubuta a littafi. Yau hamsin da biyu. Ya ce saura huɗu.

Ni ba zan iya faɗa masa ba, in ma na faɗa ba zai yarda ba. Ke yake ji. Wannan kuma kada ki kuskura ki rubuto shi a takarda. Ki bar kwalaben nan ki zo ki zauna a gabansa.

Innarki